Tsohon keken ɗinki a falo?

Tambaya: Anti dan Allah, keken ɗinkin kakata Singer baƙi mai zanen ruwan gwal na gada, maigida ya ce tarkace ne, ni kuma wallahi ƙarar fedarsa kaɗai tana tuna min da ita. In ajiye ko in rabu da shi?

Amsa: Haba 'yar uwa, ajiye abinki! Kamfanin tun 1851 yake, kuma waɗancan kekunan zallar ƙarfe ne shi ya sa har yau suke ɗinki, ki duba lambar da ke jikinsa da ita ake gano shekarar da aka ƙera shi. Amma kar ki wanke shi da ruwa, tsatsa zai yi zanen ma ya goge, ɗan man keken ɗinki a tsumma mai laushi ya isa.