Tsintuwa ba sata ba: har da hoton intanet?

Wata mai karatu daga Zariya, mai sayar da turaren wuta, ta ce ta ɗauko hoton wasu kwalabe daga shafin wata 'yar kasuwa a Instagram, ta ɗora a tallarta. Mai hoton ta yi mata magana, ita kuwa ta kare kanta da karin maganar nan: "Tsintuwa ba sata ba." Tana tambaya ko ta yi daidai.

Malama, karin maganar na nan daram, amma kin ɗora ta inda ba ta zauna ba. Tsintuwa ita ce abin da ya ɓace wa mai shi, ya faɗi a hanya bai sani ba. Ko ita ma ba a bar ta sakaka ba, domin a fiƙihu wanda ya tsinci abu mai daraja sai ya yi cigiya shekara guda. To hoton nan bai ɓace wa kowa ba. Mai hoton ce ta jera kwalabenta, ta nemi haske, ta ɗauka, ta baje shi da gangan don masu saye su gani, kamar yadda mai shago ke rataye atamfa a bakin ƙofa. Sunan abin da aka yi a bakin 'yan fim da mawaƙa shi ne satar fasaha, kuma na san kalmar tana da zafi ga wanda bai yi da mugun nufi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta kare hoto tsawon shekara 50 daga fitar da shi. Rubuta sunan mai hoto a ƙasa ladabi ne, amma bai zama izini ba. Ki tura mata saƙo ki nema, ki adana amsar, ko ki ɗauki hoton kayanki da wayarki.

Wani kuma daga Maraɗi ya tambayi bambancin hatimi da tambari. Hatimi daga Larabci muka aro shi, shi ne abin da ake dangwalawa a takarda don tabbatar da ita. Tambari kuwa a fada ganga ce ta sarauta, ba a buga ta don kowa sai sarki. A kasuwa yanzu tambari na nufin alamar da kamfani ke sa wa kayansa, kuma wannan hurumin ya biyo shi: mai buga tambarin Adidas a rigar da ya ɗinka yana sayar da sunan da ba nasa ba. A Nijar rajistar tambari na bi ta hannun OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin fasaha ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, kuma rajistar tana aiki shekara 10 kafin a sabunta. A Najeriya shekara 7 ce a karon farko, sannan 14 a kowace sabuntawa.