Soshiyoloji Ba Shi da Aiki?

Ƙanwata, kin ce Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ta ba ki soshiyoloji, wato nazarin zamantakewar al'umma, maimakon karatun lauya, a gida kuma ana ta cewa ba shi da aiki. Akwai aiki, sai dai kwalin digiri kaɗai ba ya kawo shi. Hukumar Ƙidaya, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, gidajen gyaran hali da ƙungiyoyin agaji a Borno da Yobe duk suna buƙatar irinku. Ƙungiyoyin nan kuwa tambayarsu ɗaya ce: kin iya shiga unguwa ki tattara bayanai a waya da manhajar KoboToolbox, ki tace su a manhajar lissafi ta Excel ko SPSS? Don haka ki dage da darasin ƙididdigar nan da kowa ke gudu, shi ne jarinki.