Amsa ga ɗan'uwanmu na Giwa kan waken suya

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwanmu na Giwa, na saurari muryarka. Ka ce masara ta gajiyar da gonarka, ga wuta-wuta ta kama wuri, shin ka juya ka sa waken suya bana, kuma ko sai ka nemi yuriya. To Malam, ka sa shi. Amma kuɗin yuriyar nan, ka riƙe abinka.

Ka ga, idan waken ya kai kamar wata ɗaya da rabi, ka tumɓuke guda ka duba saiwarsa, za ka ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jiki. Fasa ɗaya. In cikinsa ja-ja ne, to aiki yake yi, wasu ƙwayoyin halitta ne a ciki suke jawo masa abincinsa daga iska, irin wanda kake saye a buhun yuriya. Abin da yake so daga hannunka takin suffa ne, tun ranar shuka. In ka samu Nodumax na cibiyar binciken noma ta IITA, wani baƙin gari mai ɗauke da waɗannan ƙwayoyin halittar, ka cakuɗa shi da irin a inuwa, ka shuka a ranar.

Wuta-wuta kuwa, saiwar waken tana sa 'ya'yanta su tsiro, sai su rasa abin kamawa su mutu. Ba a shekara ɗaya za ta ƙare ba fa, amma masarar baɗi za ta gaya maka.

Nan wajenmu daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli ake shuka, in damina ta zauna. Kar ka binne shi da zurfi. Kuma don Allah ka gwada irin tukuna ka ga ko zai tsiro, domin irin waken suya saurin mutuwa gare shi.

Inda na fi jin tausayin manoma shi ne wajen girbi. Ganye ya kaɗe, kwanso ya bushe, mutum na can yana fama da masara, rana ta buga, sai wake ya riƙa fashewa a ƙasa. Irin da ake kira TGx 1448-2E ya fi juriya wajen fashewa, amma shi ma kar ka bar shi. Ka yanke da lauje da safe, saiwar ta zauna a gona.

Masu matsar mai da masu abincin kaji suna nemansa, sai dai ka rage wa iyali na awara da kunun yara. Kajinka kuma kar ka ba su ɗanye, a soya shi tukuna.