Na iya Rashancin kanti, amma littafin darasi ya gagare ni

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'a da ke birnin Kazan na ƙasar Rasha. Na gama shekarar share fage ta koyon harshe, wadda ake kira podfak, yanzu ina ajin farko a fannin nazarin zamantakewar al'umma. A kanti ko cikin bas ba ni da matsala, amma da na buɗe littafin darasi sai in ji kamar ban taɓa zama ajin Rashanci ba. Kalmomin na san su ɗaya-ɗaya, jimlar ce ba ta haɗuwa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ba ne, kuma ba ƙwaƙwalwarka ce ta gaza ba. Shekarar podfak tana kai ɗalibi ne zuwa mataki na ɗaya na jarrabawar TRKI ta gwajin Rashanci ga baƙi, wato matakin B1, wanda ake nema kafin shiga jami'a. Wannan ya isa ka yi ciniki, ka yi hira da abokin ɗaki. Littafin da ke hannunka kuwa Barashe ne ya rubuta wa Barashe, da salon da su kansu suka ware masa suna, nauchny stil rechi, salon harshen ilimi. Shi ake koya daban.

Babban sirrinsa shi ne yana gudun aikatau, yana tara sunaye. Inda mai hira zai ce ilimi yana bunƙasa, marubucin zai ce "bunƙasar ilimi", sannan ya yi ta ɗaura wani suna a jikin wani kamar jerin gwano. Dubi wannan: problema razvitiya sistemy obrazovaniya strany. Kalma biyar, ba aikatau ko ɗaya. Yanzu karanta ta da Hausa, kalma bi kalma: matsalar bunƙasar tsarin ilimin ƙasa. Ka ga jerin bai sauya ba ko kaɗan. Bambancin kawai, mu muna liƙa -n ko -r a wutsiyar kalmar da ta gabata, su kuma suna sauya wutsiyar wadda ta biyo baya. Wannan shi ne roditelny padezh, ɗaya daga cikin yanayi 6 da suna ke shiga a Rashanci. In ka taɓa zama gaban malamin nahawu, to li'irabi ne, sai dai na suna a Larabci uku ne, nasu shida. Shi ya sa nake hana ɗalibanmu bi ta Turanci in sun haɗu da irin wannan jerin. Ta Hausa ya fi kusa.

Sai aikatau kaɗan da littattafan ke maimaitawa har ka gaji. A baki za a ce semya eto sotsialny institut. A littafi sai ka ga semya yavlyaetsya sotsialnym institutom. Ma'ana ɗaya ce, iyali ginshiƙi ne na zaman al'umma, amma yavlyaetsya ta tilasta wa kalmomin bayanta sauya wutsiya. Haka predstavlyaet soboy, mai ma'ana kusan ɗaya da yavlyaetsya, haka zavisit ot, ya dogara da, haka vliyaet na, yana tasiri a kan. Kada ka haddace su tsirara. Kowanne rubuta shi da cikakkiyar jimlar da ka tsinto shi a ciki.

Abin da ya fi damuna da 'yan fanninku shi ne kalmomin da kuke zaton kun sani. Institut ɗin can na sama ba makaranta ba ce. Politika tana nufin siyasa, tana kuma nufin manufar gwamnati. Natsionalnost yawanci ƙabilar mutum take nufi, zama ɗan ƙasa kuwa grazhdanstvo ne. Sai russkiy da rossiyskiy: ta farko ta shafi ƙabilar Rashawa da harshensu, ta biyu ta shafi ƙasar baki ɗaya. Kai da ke Kazan, babban birnin Tatarstan, kana ganin wannan da idonka: Batatare rossiyanin ne, wato ɗan ƙasar Rasha, amma ba russkiy ba ne. Ɗalibin zamantakewa da ya cakuɗa waɗannan a takarda ya ɓata hujjarsa tun daga tushe. Ka kuma riƙa bin saiwa: daga obshch- aka samu obshchestvo, al'umma, da obshchina, jama'ar wuri guda, da obshchenie, cuɗanya. Saiwa ɗaya ta buɗe maka ƙofa uku.

Game da aikin yau da kullum, sakin layi ɗaya a rana ya fi babi guda da aka bi da manhajar fassara. Ɗauki fensir, ja layi ƙarƙashin aikatau, nemo mai aikin, ka kewaye dogayen siffofin nan masu ƙarewa da -ushchiy ko -nny, ka karanta jimlar ba tare da su ba, sannan ka mayar da su. Daga nan rufe littafin ka faɗi abin da ka fahimta da ƙarfi, domin jarrabawa da yawa a can ta baki ce: ka zari bilet, wato takardar tambayoyi, a ba ka ɗan lokaci, ka zauna gaban malami ka yi bayani. Wanda ya saba karatun zuci kaɗai a nan yake daburcewa.

Shafin CyberLeninka cike yake da maƙalun ilimi kyauta. Fara da taƙaitaccen bayanin da ke saman kowace maƙala, layi biyar ko shida ne, kuma a nan za ka ga yadda ake gina gabatarwar kursovaya, aikin binciken da za a nema daga gare ka: aktualnost, dalilin da ya sa batun ke da muhimmanci yanzu, sai obyekt da predmet, sai tsel da zadachi, wato manufar binciken da ayyukan da za su kai ka gare ta. Obyekt shi ne fagen gaba ɗaya, misali matasan birni. Predmet shi ne ɓangaren da ka sa wa ido, misali yadda suke neman aiki. Malamai ba sa sassauci a kan wannan rabewa.

Sannan ka roƙi wani ɗan ajinku Barashe ya ara maka konspekt ɗinsa, wato abin da ya rubuta a lacca, ka gwada da naka a daren ranar, tun muryar malamin tana kunnenka.