Ko fim ɗin da ya taɓa masu mulki yana cin lambar yabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malamai. Ni matashi ne a nan Damagaram, ina koyon aikin kyamara, kuma ni da abokaina muna shirin yin fim a kan wahalar ruwa a unguwanninmu. A fadarmu an rabu gida biyu. Wasu na cewa ba a ba da kyauta sai ga fim ɗin da ya caccaki gwamnati, wasu kuma na cewa wanda ya taɓa masu mulki ko ƙofar gasa ba ya kaiwa. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanenmu. Kowane ɓangare ya riƙe wani abu na gaskiya. Fim mai suka yana cin kyauta, har da manya-manya, amma sai ka duba abu biyu: wa aka soka, kuma wa ke yanke hukunci.

A bukukuwa irin na Cannes, Venise, Berlin da FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, ƴan mutane ƙalilan ne ke alƙalanci. A babbar gasar Cannes yawanci mutum 9 ne, masu shirya fim da ƴan wasa, kuma duk shekara ana sauya su. Mutum 9 a ɗaki ɗaya suna iya yin ƙarfin hali. Haka Fahrenheit 9/11 na Michael Moore, wanda ya yi wa gwamnatin George Bush tatas a kan yaƙin Iraƙi, ya ci Palme d'or, babbar kyautar Cannes, a 2004. Jafar Panahi na Iran, wanda kotun ƙasarsa ta hana shi yin fim na shekara 20 a 2010, ya ci babbar kyautar Berlin a 2015 da ta Cannes a 2025. Oscar kuwa ƙuri'ar mutane wajen dubu 10 ce, kuma kafin su zaɓe ka sai sun ji labarinka, abin da ke cin kuɗin talla mai yawa. A rukunin fina-finan ƙasashen waje akwai wani shinge tun daga gida: kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa ta hannun kwamitinta. Nijar ta fara aikawa a 2018 da Zin'naariyâ! na Rahmatou Keïta. Kwamitin da ke kusa da hukuma da wuya ya ɗauki fim ɗin da ya tona asirin hukumar.

Sai batun wanda aka soka, kuma nan ne muke ganin gizo yake saƙar. Alƙalai sun fi sakin jiki da sukar mai mulkin da ke nesa da su. La Bataille d'Alger, a kan yaƙin ƴancin Aljeriya, ya ci kyautar zinariya a Venise ta Italiya a 1966, amma sai a 1971 aka fara nuna shi sosai a Faransa. Camp de Thiaroye na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, wanda ya nuna yadda sojojin Faransa suka bindige tsofaffin sojojin Afirka a Senegal ranar 1 ga Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu, ya samu kyautar musamman ta alƙalai a Venise a 1988, alhali a Faransa ya yi kusan shekara 10 ba a nuna shi ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Sarraounia na Med Hondo, daga littafin marigayi Abdoulaye Mamani, ɗan gwagwarmayar Sawaba da mutanen Damagaram suka sani. Labarin sarauniyar Lugu ne da ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, rundunar da ragowarta ta iso Damagaram a wannan shekarar. A Nijar aka yi niyyar ɗaukarsa, izini ya gagara a zamanin Seyni Kountché, aka koma Burkina Faso ta Thomas Sankara. Ya ci Étalon de Yennenga, babbar kyautar FESPACO, a 1987, a Faransa kuwa bai daɗe a gidajen sinima ba. Fim ɗaya, ƙasa uku, kowacce ta karɓe shi gwargwadon inda ya taɓa ta.

FESPACO ma ba a shata mata layi. Étalon na farko a 1972 ɗan Nijar ne ya ɗauke shi, Oumarou Ganda, da Le Wazzou polygame, wanda ya soki auren dole da mai kuɗin da ke fakewa da sunan Alhaji. Amma Timbuktu na Abderrahmane Sissako, a kan mamayar masu iƙirarin jihadi, ya kwashe kyaututtukan sinima na César guda 7 a Faransa a 2015 ya zo Wagadugu bai ci Étalon ba.

Kada kuma ka ɗauka kyauta garkuwa ce. The Milkmaid, fim ɗin Nijeriya da yawancin maganarsa Hausa ce, ya ci kyautar fim mafi kyau a gasar fina-finan Afirka ta AMAA a 2020, amma sai da hukumar tace fina-finai ta sa aka yanke wasu sassansa kafin a nuna shi a gida.

Yanzu ga naka aikin. A ganinmu, yawancin fina-finan suka da ke faɗuwa a gasa, aikin ne ke kayar da su tun kafin a zo maganar siyasa. Abin da muka fi gani shi ne fim ya koma lacca: mutum na zaune gaban kyamara minti 10 yana zargin hukuma. Alƙali ya gaji. Dubi yadda Aïcha Macky, ƴar garin nan, ta yi a fim ɗinta Zinder na 2021. Ta shiga unguwar Kara-Kara ta zauna da samarin palais, wato gungun matasan unguwa, ta nuna su suna ɗaga ƙarafa, suna safarar man fetur daga iyaka, suna neman aikin yi. Ba ta tsaya karanta tuhuma ba, amma mai kallo ya fita da tambayar wa ya yi watsi da unguwar nan. Ku ma ku bi mai kurar ruwa guda ɗaya tun asuba: jarkoki jere a bakin famfon da ba ya ɗigo, farashin jarka da safe da farashinta da rana, yarinyar da ta makara makaranta saboda layi. Sannan ku nemi jin ta bakin masu kula da ruwan, domin fim mai ɓangare ɗaya yana da sauƙin kayarwa, a gasa da kuma a kotu.

Kafin ɗauka ku nemi takardar izini daga cibiyar sinima ta ƙasa, CNCN, ku kuma sanar da hukumomin gari. Duk wanda fuskarsa za ta fito ya sa hannu a takardar yarda bayan an yi masa bayani da harshensa. Wanda maganarsa za ta iya jawo masa fitina, a ɓoye fuskarsa da muryarsa, domin ku kuna iya tafiya biki, shi yana nan a unguwa. Ku kashe kuɗi a kan sauti: iskar hunturu da ƙarar kabu-kabu suna lalata magana in da makirufon kyamara kaɗai aka dogara, kuma masu tantancewa sukan haƙura da hoto mai rauni amma ba sa haƙura da maganar da ba a ji. Waƙar da ba ku da izinin mai ita kada ta shiga. Fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto, ta Faransanci da ta Ingilishi, a ba wanda ya san Hausar Damagaram, layi biyu kawai a lokaci guda, in ba haka ba habaici da zambon da ke ɗauke da sukar duk su zube.

Babban kuskure shi ne gaggawar ɗora fim a YouTube ko Facebook. Manyan bukukuwa suna son su ne za su fara nuna shi, wanda ya riga ya bazu a intanet galibi ya fita daga gasa. Ku fara aikawa babban bikin da kuke hari, ku jira amsa, sannan ku sauko zuwa ƙanana. FESPACO duk shekara biyu ake yi, a shekarun mara, kuma ana rufe karɓar fina-finai watanni kafin buɗewa, don haka tacewa da fassara su kammala tun cikin shekarar da ta gabace ta.