Mu bai wa mai neman maganin galahanga kuɗinmu?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 6 yana da galahanga (wato autism), har yanzu ba ya magana. Mu iyaye mata a Tudun Wada mun tara ɗan kuɗi, sai wani ya ce mu ba shi ya ƙarasa binciken maganin da zai warkar da yaranmu cikin wata uku. Hankalina bai kwanta ba, amma ina tsoron kada damar ta wuce mu.

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya shi. Kada ku ba shi ko sisi.

Babu ƙwaya, allura ko jiƙon da ke warkar da galahanga, domin a haka aka halicci ƙwaƙwalwar yaron. Kullum sai na faɗi wannan a ɗakin duba marasa lafiya, kullum kuma sai an kawo mini yaro da tabon tsaga a goshi, ko yana tari saboda hayaƙin da aka turara masa wai don korar aljanu. Uwa ta sayar da ɗan kunnenta, yaro ya dawo yana tsoron mutane. Abin yana ƙona mini rai. Masu sanye da farar riga ma suna wannan damfarar. A 2005 wani yaro ɗan shekara 5 ya mutu a Amurka ana yi masa allurar "wanke ƙarfe daga jini". A 2019 hukumar magunguna ta ƙasar ta sake gargaɗi kan wani ruwan bilic da ake shayar da irin waɗannan yara. Duk mai yanka muku wa'adin wata uku, ku ce ya nuna takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, wato masu ba da izinin gwada magani a kan mutane.

Binciken da nake so a zuba wa kuɗi shi ne wanda za ki ga amfaninsa a tsakar gida: yadda yaro zai nuna hoton kofi idan yana jin ƙishirwa, yadda zai koyi zaman fo, yadda zai yi barci ke ma ki runtsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin koyar da iyaye irin wannan, muna bukatar a gwada shi da Hausa a gidajenmu. Wannan aikin TETFund (asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu) da jami'o'inmu ne, bai kamata ya rataya a wuyan adashenku ba.

Kuɗinku kuwa, ku ɗauki mai koyar da magana ya riƙa zuwa muku duk mako. Ki kuma sa a duba ko yaron yana ji sosai, ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa da ke Kaduna a duba ko yana da farfaɗiya, don ita tana da magani.