Amsoshin Tambayoyinku: Gambo Sawaba 'yar ina ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama muke yi da yayana, ya ce Hajiya Gambo Sawaba ba Bahaushiya ba ce, 'yar Gana ce. Don Allah a raba mana gardama, a kuma faɗa mini dalilin da ya sa aka yi ta ɗaure ta.
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Yayanki bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa miki. Mahaifinta, Isa Amarteifio, mutumin Gana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Najeriya, mahaifiyarta Fatima kuwa Banufiya ce. An haife ta a 1933, aka raɗa mata suna Hajaratu, Gambo kuma don ta biyo tagwaye. Amma a Zariya ta tashi, da Hausa ta yi wa talakawa magana, a nan ta sha dukanta. Ni dai wanda zai ce mini ba 'yar Zariya ba ce sai ya shirya.

Maganar ɗauri ita ce mai nauyi. Tana ƙarama ta rasa iyaye, karatu ya tsaya a firamare, aka yi mata aure tana shekara 13. Tana da 17 ta shiga NEPU, jam'iyyar adawa da aka kafa a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta. Lokacin, ko namiji ya yanki katin NEPU ya san yana iya kwana gidan yari, don 'yan doka da kotunan alƙalai duk a hannun En'e suke, wato hukumar sarakuna da NEPU ke adawa da ita. To balle mace, ta hau mumbari gaban maza, ta ce a daina aurar da yara ƙanana, a sa 'ya'ya mata makaranta, a ba mata ƙuri'a. Ta zama shugabar matan jam'iyyar, har ta je Abekuta wajen Funmilayo Ransome-Kuti, mai fafutukar 'yancin mata, ta ga yadda matan can suke haɗa kai. A Kano, shiga gidajen matan kulle da ta riƙa yi tana wayar musu da kai ya jawo mata ɗauri da kora daga garin. Masu tarihinta suna cewa sau 16 aka ɗaure ta.

Ki lura, a zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa suna gida. Sai a 1976 aka ba su dama. A Jamhuriya ta Biyu ta koma jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. Ta rasu a 2001. Babban asibitin Ƙofar Gayan da ke garinku sunanta yake ɗauke da shi, ki nuna wa yayan naki.

Tambaya: Shin 'yan ƙwallonmu ne suka fara ciyo wa Najeriya zinare a gasar Olamfik?
Daga wani mai karatu a Funtuwa

Amsa: A'a, malam, an riga su da kwana ɗaya tak. A Atlanta ta Amurka a 1996, 'yar sanda Chioma Ajunwa ta yi dogon tsalle na mita 7.12 tun a yunƙurin farko, ba wadda ta kamo ta. Kashegari su Nwankwo Kanu suka doke Ajantina da ci 3 da 2. Ita ma fa tsohuwar 'yar ƙwallo ce, tana cikin tawagar matan Najeriya da ta je gasar cin kofin duniya a ƙasar Sin a 1991.